Jirgin da Ba Shi da Hagu

Duk wanda ya san bakin kasuwar Samaru ya san allon nan mai shuɗin fenti: KYAFTIN ƊANMALAM, MAI ƊINKIN KUJERU, NA MOTA DA NA JIRGIN SAMA. Shekara goma sha tara yana rataye a wurin, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin an sauke kujerar jirgi ko ɗaya a ƙofar shagon ba. Ni ne Abdulrahim mai hotokofi, bango ɗaya ya raba shagona da nasa, da an kawo da na gani.

Asalin sunan ba ɓoyayye ba ne. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin wata biyu a makarantar koyon tuƙin jirgi, ya sake wa kujerun ɗakin cin abinci soso. Ranar da zai bar wurin wani injiniya mai kirki ya ƙyale shi ya zauna a gaban wani mataccen jirgi da aka cire wa inji. Minti goma sha ɗaya ya yi a ciki, haka ya faɗa mana da bakinsa a farko. Daga baya mintocin suka yi ta hayayyafa, suka zama awa, suka zama yini, har aka wayi gari ya taɓa zagaya dutsen Kufena sau biyu yana ɗaga wa manoma hannu. Ba shi da mota, ba shi da gona, sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka. In ka ce Ɗanmalam zalla, ko a kunnensa ka faɗa ba zai waiwayo ba.

Wata ranar Laraba bayan la'asar muna zaune a bencin ƙofar shagonsa, har da Mai Unguwa da ya tsaya jiran a ɗinke masa matashin kujera, sai ga wata budurwa ta kawo kujerar motarta. Ta ɗaga kai ta karanta allon, fuskarta ta washe.

"Baba, ashe ɗan'uwa na samu. Sunana Ƙauna, ni ma tuƙin jirgi nake koya."

Da mai hankali ne da ya ce Allah ya ba da sa'a, ya karɓi kujera. Shi kuwa gyara zama ya yi.

"Madalla. In wani abu ya shige miki duhu, ki zo ki tambaya."

"To Baba, a irin jirgin da ka tuƙa, da wane hannu kake riƙe totur?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da dama mana."

"Sandar tuƙin fa?"

"Dama."

"Duka biyun?"

"Har da birki," in ji Kyaftin.

Yarinyar ta yi iya ƙoƙarinta, ta cije leɓe, ta dubi ƙasa, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Ta ce su a nasu jirgin hannu ɗaya na kan sanda, ɗaya na kan totur, ƙafafu biyu na kan feda, kuma duk da haka mutum ji yake da ma yana da hannu na uku. Benci ya ɗauka. Maƙwabcinmu mai gyaran agogo har da buga cinya.

Kyaftin ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Wannan tuƙin marasa tarbiyya ne! A gidanmu ba a miƙa wa babba abu da hagu, ba a karɓa da hagu. Jirgin da zai ɗauki ranka zuwa sama shi za ka damƙa da hagu? Ranka ya daɗe, ka zama shaida. Zan ƙera jirgi, in tsara gurbin matuƙinsa da kaina, in tuƙa shi da hannun dama kaɗai, in tashi..."

"Dakata," in ji Mai Unguwa. "Sama ta hukuma ce, ba ni da iko da ita. A ƙasa za ka nuna mana."

"To a ƙasa. Filin ƙwallon bayan kasuwa, daga raga zuwa raga, in tsayar da shi a gabanka. In hannuna na hagu ya taɓa wani abu, a sauke allon nan, kowa ya kira ni Ɗanmalam zalla."

"Na ji, kuma jama'a sun ji."

Baki shi ke yanka wuya. Ni dai na koma shagona ina jin tausayinsa tun kafin a yanki ƙarfe na farko.

Duk Zariya mutum ɗaya ne zai yarda ya sa hannu a irin wannan aikin, Uzodinma mai walda na Muciya a Sabon Gari. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu, kuma shekara ashirin ke nan suna abota da Kyaftin. Sai dai Uzo bahago ne. A shekara ashirin ɗin nan bai taɓa miƙa wa Kyaftin ko sifana ba sai ya ji an ce, "Sake hannu." Shi kuma sai ya yi murmushi ya sake. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, amma mai abin bai yi fushi ba, ni wane ne.

Gangar jikin jirgin ba ta ba su wuya ba. Ƙarafan tsohuwar rumfar biki suka zama haƙarƙari, fallayen kwano suka zama fukafukai, ƙafafu uku na keke napep, inji na wata tsohuwar mota Boswaja, farfela kuwa wani masassaƙin turmi ya fitar da ita daga maɗaci. Wata takwas aka gama wannan. Inda aka yi zaman dirshan shi ne gurbin matuƙi, wanda Kyaftin ke kira ofis.

A tsakar gidansa ya fara. Ya zana ofis da alli a ƙasa, ya ajiye kujerar tsuguno a tsakiya, ya kafa taɓarya tsakanin gwiwoyinsa. Na je kai masa takarda na tarar da matarsa Zubaidatu tsaye a kansa riƙe da ƙwaryar gero.

"Baban Nana, taɓaryata."

"Tana bakin aiki. Ita ce sandar tuƙi."

"Muciyar fa?"

"Totur."

"Ludayin miyata?"

"Birki. Ki matsa, kin tsaya a kan fiffike."

Ta matsa, ta ƙare wa tsarin kallo. Taɓarya, muciya, ludayi, duk ya jere su a damansa. Hannunsa na hagu na kwance a cinya.

"Shi wancan me zai yi?"

"Zai huta."

"Ikon Allah. Ashe a gidan nan akwai wanda ya fi ka samun aiki mai daɗi."

Bai kula ta ba. Da bakinsa yake yin ƙarar inji, yana tsalle da hannu daga muciya zuwa ludayi, yana dawowa taɓarya. Sau biyu ludayin ya faɗi. Ya ce laifin ludayi ne, na ƙarfe ba zai faɗi ba.

Daga nan zane ya koma kan kwali, kwali kuma ya riƙa zuwa shagona. Sau bakwai na buga masa tsarin ofis, kowanne ya fi na baya cunkoso. A na uku ne ya gano cewa fedar juya wutsiya biyu ce, ɗaya ta ƙafar dama, ɗaya ta ƙafar hagu. Ya ciji biro, sannan ya soke su duka. Ya ce ƙafar da ake shiga banɗaki da ita ba za ta juya masa jirgi ba. Wutsiya ta koma liba, ita ma a dama.

Ya ga mutane na yi masa dariya, sai ya tafi neman goyon baya wurin Liman. Na bi shi, don ba na so a ba ni labari.

"Allah gafarta Malam, ba an hore mu da dama ba?"

"An hore mu, a ci da sha da gaisawa da makamantansu. Ban ga inda aka ambaci liba ba. Ni kaina babur ɗina kulocinsa a hagu yake."

"Allah gafarta Malam, ai babur ƙasa yake bi."

"Naka ma na ji an ce ƙasa zai bi."

A hanyar dawowa Kyaftin ya ce mini Liman ya fahimci maganar, nauyin baki ne kawai irin na manya.

Unguwa kuwa ta shiga aikin da ƙarfinta, don babu mai son wasa ya ƙare da wuri. Kyaftin ya tuna jirgin da ya zauna a ciki yana da agogo barkatai a gaba, sai mai gyaran agogo ya ba shi guda huɗu da masu su suka manta da su. Ɗaya kawai ke tafiya, shi ma baya yake ja. Wani direban tifa ya kawo hon, ya ce ko a sama ba a rasa mai tare hanya. Aka kawo madubi, aka kawo rediyo, aka kawo ƙugiyar rataya hula. Hon ya samu libarsa. Baturi ya sauka a dama, akwatin sifanu a dama, har gorar ruwa a dama. Ni na buga sunayen da aka manna wa libobin, guda biyar a jere, tsakanin kowacce da 'yar'uwarta yatsa huɗu: SANDA, TOTUR, WUTSIYA, BIRKI, HON. Kyaftin da kansa ya auna tazarar, yana zaune a ciki daga shi sai singileti saboda zafin garejin Uzo.

Ranar da aka gama ɗaurawa muka ja baya muka duba. Uzo ya karkata kai, ya sake karkatawa.

"Kyaftin, jirgin nan ya kwanta gefe ɗaya kamar jakin da aka cika wa mangala ɓari guda."

"Ladabi yake yi."

"Ladabi? Tayar dama har ta lotsa. Abeg, bari in mayar da baturi hagu, ba taɓa shi za ka yi ba."

"Uzo, na san ciwonka. So kake ka cusa danginka a jirgina."

"Dangina su suka yi maka waldar nan duka."

"Shi ya sa nake bin ta da addu'a."

Rigimar gaske a kan famfon mai aka yi ta. Tiyon da ya taso daga tanki ta ƙarƙashin kujera ya bi, ɓangaren hagu, a nan Uzo ya ɗaura ɗan famfon da ake murɗawa a yanke wa inji mai. Kyaftin na gani ya ce a cire. Uzo ya ajiye abin walda, ya ɗaga baƙin gilashin fuskarsa. Ban taɓa ganin ya ɓata rai ba sai ranar.

"Na cire feda, na yi shiru. Na jera maka liba biyar kamar haƙoran mataji, na yi shiru. Wannan ba zan taɓa ba. In komai ya rikice, shi kaɗai zai kashe injin nan. Ka ga dama ka kai wa wani."

Babu wani da za a kai wa, Kyaftin ya sani. Sai ya koma ga sana'arsa. Ya yanko baƙar leda irin ta kujera, ya ɗinka wa famfon riga, ya rufe shi ruf yadda ko mai neman laifi ba zai gani ba. Ya ce abin kunya a gida ake ɓoye shi.

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Tun da safe a-kori-kura ta jawo jirgin daga Muciya, 'yan acaɓa na biye suna hon, har Samaru. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ciyawar filin ta yi kore shar. Ɗalibai sun fito daga jami'a kowa da waya a hannu, masu rake da masu dafaffiyar gyaɗa sun kafa kasuwa, Ƙauna ta zo da ƙawayenta biyu. Zubaidatu ta shimfiɗa tabarma can gindin mangwaro, ta ce daga nan ma tana gani. An kafa wa Mai Unguwa rumfa kusa da ragar gabas, aka zaunar da shi, aka jingine sandarsa, don gwiwa ta daɗe da hana shi sauri.

Sai ga Kyaftin. Babbar riga ce ta shadda, fara sol, ta sha bugu ta sha sitaci, tana ƙara in ya motsa. Hannun rigar kaɗai zai yi wa yaro zanen rufa.

Uzo ya tare shi. "Cire rigar nan."

"Kyaftin da singileti a gaban Mai Unguwa?"

"Da singileti ka auna ofis."

"Ofis ne zai saba da riga."

Ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa, ya shiga da ƙafar dama, ya cika gurbin fam. Ya ɗora hannun hagu a cinya, ya ɗaga murya ya ce jama'a su shaida inda yake. Uzo ya tayar da inji. Boswaja ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Farfela ta juya har ta ɓace wa ido.

Gaskiya ɗaya ce, jirgin ya tafi. Na rantse na ji tsigar jikina ta tashi. Ya gangara a hankali, yana ɗan jan dama, Kyaftin na tsalle da hannu daga sanda zuwa wutsiya yana dawo da shi. Taku ashirin, taku talatin. Fili ya ɗauki sowa: "Kyaftin! Kyaftin! Sai Kyaftin!"

Shekara goma sha tara yana jiran jin wannan. Mutum kamarsa ba zai ji taro na kiran sunansa ya wuce kamar bai ji ba, ai rashin tarbiyya ne. Kuma ba a jinjina wa jama'a da hagu. Ya saki liba, ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga shi sama.

Hannun rigar ya zame daga kafaɗa, ya sauka a kan libobi biyar ya lulluɓe su. Ya ji nauyi, ya fizga. Rigar ta ja totur har ƙarshe, ta danne hon, ta naɗe a wuyan birki, ta ɗaure hannunsa tsakanin sanda da wutsiya. Inji ya yi kururuwa, hon ɗin tifa ya amsa, jirgi ya zabura. Da yake duk nauyinsa a dama yake, bai yi shawara da kowa ba ya lanƙwasa dama ya kama zagaye.

A zagayen farko mutane tafi suka yi, sun ɗauka gwaninta ce. A na biyu hula ta tashi, iskar farfela ta kwashe tiren mai gyaɗa, aka fara ja da baya. Uzo ya faɗa tsakiyar da'irar yana gudu yana ihu, amma sai jirgin ya zo daidai shi suke jin juna.

"Famfon! Murɗa famfon!"

"Ina gyara riga!"

Jirgi ya wuce. Da'irar kuwa ƙara faɗi take yi kowane zagaye. A na uku fiffike ya shafi tulin rake, ya watsa shi. Ƙauna ta shigo fili ta haɗa hannu a baki.

"Baba, yanke mai! Yanke mai!"

"Ke za ki koya mini?"

"Hagunka! Ƙarƙashin kujera!" in ji Uzo.

"Ba a gaban mutane ba!"

Hannun hagun nan na nan kwance a cinya, duk filin muna ganinsa, lafiyayye, ba ya aikin komai. A zagaye na huɗu fiffiken ya kama ragar gola, ya tumɓuke ta da turakunta, jirgi ya ci gaba yana jan ta a baya. Zubaidatu ta taso daga gindin mangwaro ba ko takalmi, mayafi a hannu.

"Baban Nana! Sunan ko ran?"

Abin da ya amsa hon ya cinye.

Kowa ya ga inda zagaye na biyar zai bi. 'Yan rakiyar Mai Unguwa suka dubi jirgi, suka dubi juna, kowa ya tuna yana da iyali. Kafin ƙiftawar ido rumfa ta zama wayam, sai tsoho shi kaɗai a kujera yana laluben sandarsa da wani ya yi fatali da ita garin gudu. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, ina bayan bishiyar dalbejiya. Jirgi ya karkato, ya miƙe hancinsa sak zuwa rumfa.

A nan hannun hagun ya tashi. Ya tashi daga cinya a gaban mutum ya fi ɗari biyar da waya ta fi hamsin, ya nutsa ƙarƙashin kujera. Muka ga baƙar leda ta yi sama. Da yake ɗinkin Kyaftin ne, fizga ɗaya ta ishe ta. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Jirgi ya gangaro, ragar da yake ja ta sarƙe da turken rumfa ta riƙe shi, ya tsaya cak, farfela na lilo, taku uku tsakaninta da takalmin Mai Unguwa. Hon ne kawai bai daina ba sai da Uzo ya iso ya fizge wayar baturi.

Jama'a suka fara matsowa. Mai Unguwa ya gyara rawaninsa da ya karkace, ya daɗe yana duban farfela.

"Tsayawa kam ka tsaya a gabana," ya ce. "Da wane hannu?"

"Ranka ya daɗe, abin ya faru da sauri, ni kaina ba zan iya cewa..."

Wayoyi hamsin suka ɗagu sama a tare.

"Ranar Litinin a sauke allon," in ji Mai Unguwa. "Wani ya miƙo mini sandata, in akwai sauran maza a unguwar nan."

Sai da aka sa almakashi aka yanka shaddar kafin hannun dama ya fito, kafaɗar ta goce. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa. Uzo ya taka taya ya miƙa masa hannu, kuma a cikin gaggawa wanda ya saba da shi ya miƙa. Na matso don in ji an ce sake hannu. Ba a ce ba. Ɗanmalam ya kama hagun Uzo da nasa hagun, ya riƙe gam, har suka sauko bai saki ba.

Ranar Litinin ni da Uzo muka sauke allon. Inda ya rufe shekara goma sha tara fentin bangon ya fi sauran haske. Ɗanmalam na zaune a benci, mai ɗori ya naɗe masa hannu ya rataye a wuya, an ce sai bayan sati shida. Bai ɗaga kai ba. Na yi dariyarsa fiye da kowa a unguwar nan, amma ranar wallahi ban ji daɗi ba. Kwana uku ana wucewa ana cewa, "Sannu Ɗanmalam, ya jiki?" yana amsawa da ka kamar wanda ake yi wa ta'aziyya. Zubaidatu ta ce a gida ma ko taɓaryarta ba ya kallo.

Ranar Alhamis wani mai napep da ya ga hoton a waya ya rage gudu a ƙofar shagon, ya leƙo ya ƙwala kira:

"Kyaftin Bahago!"

Mu 'yan benci muna jiran ashar. Ɗanmalam ya dubi Mai Unguwa da ke zaune a gefe. Tsoho ya ɓantari goro, ya tauna, ya ce shi Kyaftin zalla ya soke, wannan kuwa sabon suna ne, bai san da shi ba. Na ga Ɗanmalam yana auna kalmomin biyu a ransa, ta farko da ba zai iya rayuwa babu ita ba, da ta biyu da ya shekara ashirin yana goranta wa amininsa. Mai napep ya sake kira. A hankali hannun hagu ya ɗagu, ya dunƙule, ya jinjina.

Kafin sati ya zagayo labari ya sake kama. Ashe shi ya ce wa Uzo a sa famfon a hagu, Uzo ne ya yi ta gardama. Zagaye biyar ɗin kuma da gangan ya yi su, don na baya su ma su gani. Uzo na zaune yana shan rake yana gyaɗa kai.

Jiya da safe ina buɗe shago sai ga shi da kwali a hammata. Ya shimfiɗa shi a kan injina da hannu ɗaya.

"Abdul, kwafi uku. Na gano inda aka yi kuskure."

Na duba. Sanda, totur, wutsiya, birki, hon, baturi, akwatin sifanu, gorar ruwa, duk suna nan a jere, tazarar yatsa huɗu. Ya kwashe su kaf ya mayar hagu.

"Kyaftin," na ce, "to hannun daman fa, me zai yi?"

Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda bai taɓa shiga jirgi ba.

"Wa zai ɗaga wa jama'a?"